Akwatin Tambaya: An yi wa amfilina biriji, me ya sa yake ɗaukewa?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da bazara ta kama, saƙonnin da ke shigo wa wannan fili suka koma kusan magana ɗaya: amfilin mota, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika, yana zafi, yana ɗaukewa, ko ya ƙone ƙurmus. Haka nake gani kowace shekara a shagona da ke nan Damagaram. Daga Afrilu har faɗuwar ruwa, teburin aikina ba ya rabuwa da amfili mai warin ƙuna, kuma in na tambayi mai shi yadda aka haɗa masa, sau da yawa amsar ita ce an yi masa biriji, wato an haɗa kanal ɗinsa biyu, bakunan da ke fitar da sauti, su tura lasifika tare. Shi ya sa na ware tambayoyin da suka shafi wannan haɗin na tara su wuri ɗaya, zan fara da wadda ta fi buƙatar zama.

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni direban Hiace ne, ina jigila tsakanin Damagaram da Magarya. Na sayi amfili mai kanal biyu da wufa biyu, lasifikun nan masu ba da kaurin sauti, kowace an rubuta mata om 4. Yaron da ya haɗa mini ya ce zai yi biriji don ƙara ta ninku. Ya haɗa wufa biyun wuri ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, ya kai su bakin amfilin. Gaskiya ƙara ta ƙaru. Amma in muka tashi daga tasha da hantsi, kafin mu kai Bande sai sauti ya ɗauke, wata ƴar fitila ja ta kama, in ka taɓa amfilin kamar dutsen guga. In ya huce sai ya dawo. Yaron ya ce batir ne ya yi sanyi, in sake sabo. In saya?
Daga wani direba, tashar Magarya.

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Kada ka sayi batir, riƙe kuɗinka. Batirin da ke tada injin Hiace da sanyin safiya bai gaza ciyar da ɗan amfili ba, balle mota tana tafe altaneta na cika shi. Ciwon yana wurin haɗin, kuma ƴar fitilar nan ja da ke ba ka haushi ita ce ta hana amfilinka ƙonewa har yau.

Bari mu faro daga om ɗin da aka rubuta a bayan wufa. Om ma'auni ne na yadda abu ke tare wa wuta hanya. An ɗauko sunan daga wani malamin kimiyya Bajamushe, Georg Ohm, wanda ya bayyana ƙa'idar a shekarar 1827, kuma har gobe da ita muke cin abinci: ka raba volt da om, abin da ya fito shi ne amfer, wato yawan wutar da ke gudu cikin waya. A nan mutane da yawa ke ɗaukar abin a baibai. Suna ganin ƙaramar lamba ƙaramin kaya ce, alhali akasin haka ne. Mu ƴan Damagaram ba a koya mana darajar ruwa, to mu ɗauki misali da shi. Tanki ɗaya, ka sa masa siririn tiyo, ruwa zai riƙa fita a hankali. Ka sa masa ƙaton tiyo, nan da nan ya zuƙe, injin da ke cika tankin kuma ya shiga uku. Lasifika mai om 8 siririn tiyo ce, mai om 2 ƙaton tiyo. Duk sa'ad da lambar ta yi ƙasa, amfili ne ke ƙara ɗaukar kaya.

Yaronka ya haɗa ja da ja, baƙi da baƙi. Wannan shi muke kira faralel. Ya buɗe wa wuta ƙofa biyu maimakon ɗaya, sai om 4 da om 4 suka koma om 2. Da a nan ya tsaya, ya ɗora su a kan kanal ɗaya, da wataƙila amfilin ya jure, don mafi yawan masu kanal biyu an ƙera su ne su ɗauki om 2 a kowane kanal. Amma sai ya ƙara da biriji.

Mene ne birijin kansa? A haɗi na yau da kullum, kowane kanal yana da ƙafa biyu. Ɗaya tana hawa tana sauka tare da sauti, ɗaya tana zaune a sifili ba ta motsi. In za a yi biriji, sai a bar ƙafafun nan masu zama, a ɗauki mai motsi ta kanal na hagu da mai motsi ta kanal na dama, a rataya lasifika tsakaninsu kamar gada tsakanin gaɓa biyu, daga nan ma sunan ya samo asali. Kanal ɗaya kuma an juya masa sautin, ta yadda in wannan ya tura, wancan ja yake yi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya ga biriji da idonsa: taɓarya ɗaya tana sama, ɗaya tana ƙasa. In hagu ya hau volt 10 sama, dama ya sauka volt 10 ƙasa, abin da lasifika ta gani tsakaninsu volt 20 ne. Volt ya ninka. Tunda om na lasifika bai canza ba, amfer ma ya ninka. Wat kuwa, ma'aunin ƙarfin da ke isa lasifika, volt ne sau amfer, biyu sau biyu huɗu. Shi ya sa ka ji ƙara ta ƙaru, kunnenka bai yi maka ƙarya ba.

To ga inda gizo ke saƙa. Wannan amfer da ya ninka, gaba ɗayansa ta cikin kowane kanal yake bi, ba raba shi suke yi tsakaninsu ba. Kanal bai ƙara nasa volt ɗin ko ɗaya ba, amma an ce ya fitar da wuta ninki biyu. A wurinsa daidai yake da an ba shi lasifika mai rabin om. Akwai wata hanyar gane wannan wadda na fi so, ita nake nuna wa yaran shagona. Ku tuna sikelin masu awo a kasuwar Dole: faranti ɗaya ya yi sama, ɗaya ya yi ƙasa, tsakiya ba ta motsi. Haka naɗin wayar da ke cikin lasifika yake a ƙarƙashin biriji. Baki ɗaya na hawa, ɗaya na sauka, tsakiyar naɗin tana zaune a sifili. Kowane kanal daga bakinsa zuwa tsakiyar nan kawai yake turawa, rabin naɗi ke nan. Lasifika ba ta canza ba, in ka auna ta za ka tarar da ita yadda take. Nauyin da ke kan kowane kanal ne ya canza: om 8 ya zama 4, om 4 ya zama 2, om 2 ya zama 1.

Kai fa om 2 aka ɗora wa naka. Wato kowane kanal ɗinka om 1 yake ja.

Bari in sa lambobi don a ga girman abin. Mu ɗauki irin amfilin da ya fi yawa a hannun mutane, mai ba da wat 50 a kowane kanal kan om 4. Irin wannan yana fitar da volt 14 da ɗan ɗoriya, amfer uku da rabi ke bi ta kanal ɗin. In aka yi biriji kan wufa ɗaya mai om 4, volt ya zama 28, amfer 7. Nan ne iyakar abin da maƙeransa suka yarda da shi. Da wufa biyu a faralel kuwa, ana neman amfer 14 daga kanal ɗin da aikinsa na yau da kullum uku da rabi ne. Ninki huɗu. Zafi kuma ba ya bin amfer ƙafa da ƙafa. A cikin waya da duk wani abu mai tare wuta, in amfer ya ninka biyu, zafi huɗu yake ninkawa. Ka haɗa wannan da ranar Mayu da ke haura digiri 40 a inuwa, ga amfili an cusa shi ƙarƙashin kujera, fasinja sun tokare shi da buhu da jaka, ƙurar hunturu ta cika haƙarƙarin alminiyon da ke fitar masa da zafi. Dole ya ɗauke kafin Bande.

Gani ya kori ji. Ɗauko kwalin amfilin ko ƴar takardar da ta zo cikinsa. In na kirki ne za ka ga jeri uku masu kama da haka: wat 50 sau 2 kan om 4, wat 75 sau 2 kan om 2, wat 150 sau 1 a biriji kan om 4. Dubi na ƙarshen da kyau. 150 ɗin nan ba komai ba ne illa 75 da 75. Masu kamfanin da kansu suna faɗa maka cewa biriji kan om 4 shi ne kanal biyu kowane yana aikin om 2, an tara ƙarfinsu a kan lasifika ɗaya. Ba wat ko ɗaya da ya faɗo daga sama. Ka lura kuma bai kai 200 ɗin da lissafi zai ba mu ba, wato 50 sau huɗu, saboda ɓangaren da ke ciyar da amfilin wuta yakan durƙusa in kaya ya yi nauyi. Sannan leƙa kusa da ƙusoshin da ake ɗaure wayar lasifika. Sau da yawa za ka ga an rubuta BRIDGED da wani ɗan zane mai nuna ƙafafu biyun da ake ɗauka, kusa da shi kuma mafi ƙarancin om da aka yarda, galibi 4. Ƙafafun yawanci + na hagu ne da − na dama, amma ka bi zanen jikin naka, don akwai masu saɓanin haka.

Yanzu abin yi. Mafi sauƙi, a kwance birijin, kowace wufa ta koma kanal ɗinta. Aikin minti goma ne, ba ka sayen komai. Kowace za ta samu wat 50, amfili ya yi tafiyarsa har Magarya ya dawo. Wani zai ce maka a haɗa su seri, wato waya ta fito daga amfili ta shiga + na wufa ta farko, − ɗinta ya tafi + na ta biyu, − na ta biyu ya koma amfili. Om 8 ke nan, biriji ya raba, kowane kanal ya ga 4. Ba laifi, amfili zai yi sanyi. Amma yi lissafin: volt 28 kan om 8 wat 100 ne, kowace wufa 50. Daidai da wanda bai yi biriji ba, an sha zagaye ne aka dawo gida.

In ƙarfi kake so, cire wufa ɗaya ka bar ɗaya a biriji, in dai lambar RMS da ke bayanta, wato wat ɗin da take iya ɗauka a ɗore, ta kai abin da amfilin zai ba ta. A motar haya wannan na fi so, don akwati ɗaya ya fi barin wurin kaya. In kuwa lallai sai biyun a faralel, to sai ka nemi amfili mai kanal ɗaya, wanda ake kira mono, da aka rubuta masa om 2 ko om 1. Yawancinsu irin ƙirar da ake kira ajin D ne, ba sa mai da wuta zafi kamar masu ƙirar ajin AB, kuma ba sa buƙatar biriji.

Kada ka ci gaba da zaman "in ya huce ya dawo". Kowane zagaye na zafi da hucewa yana cin tiransisto da dalmar da ta riƙe su, wata rana fitilar za ta kama ta ƙi mutuwa. Yaron kuma kada ka ci masa mutunci. Abin da ya ga ana yi shi ya yi. Wannan nauyi ne a wuyanmu mu manyan sana'ar, da muke barin yaro shekara uku yana miƙo mana turnabis da filaya ba mu taɓa ɗaukar alli mun rubuta masa huɗu raba biyu a bango ba. Kai masa wannan shafin ku karanta tare.

TAMBAYA: Baba, ni ɗan koyo ne. Na auna sabuwar wufa da mita, an rubuta om 4 amma mita ta nuna 3.4. Jabu ce? Sannan an kawo mana wata mai ƙafa huɗu, biyu ta nan biyu ta can, ba mu san yadda za mu yi da ita ba.
Daga Miriya.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka auna kafin ka haɗa. Ba jabu ba ce. Mita tana aika ƴar wutar batirinta mai tafiya hanya ɗaya, ta auna wayar naɗin a zaune. Sauti kuwa wuta ce mai kai da komo, kuma tarewar da lasifika ke yi mata tana canzawa da kauri ko sirantakar sautin. A wani wuri takan haura om 20, a wani ta sauko kusa da abin da mitarka ta nuna. Lamba 4 ɗin suna ne da aka ba ta a dunƙule. Mai om 4 takan nuna uku da wani abu, mai om 8 ta nuna wajen 6 zuwa 7. Kafin ka auna, fara haɗa bakin wayoyin mitar biyu ka ga abin da suke nunawa su kaɗai, sai ka ɗebe shi daga sakamakon. Ka raba wufar da amfili tukuna, kuma kada ka taɓa fuskarta lokacin awo, don motsinta yana sa lambar rawa.

Mai ƙafa huɗu naɗi biyu gare ta a ciki, kamar lasifika biyu ne masu tura fuska ɗaya. Auna kowane naɗi daban. In 4 da 4 ne, faralel ya ba ka 2, seri ya ba ka 8. Ga amfili mai kanal biyu da aka yi wa biriji, 8 ɗin lafiya lau ne, 2 ɗin kuma shi ne ramin da direban Magarya ya faɗa. In 2 da 2 ne, seri ya ba ka 4, wannan ita ce wadda ta dace da biriji kamar don shi aka yi ta. Faralel ɗinta om 1 ne, kada ka kusanci biriji da shi. In kuma aka kawo muku biyu masu 4 da 4, yi wa kowace seri ta zama 8, sannan ka haɗa biyun faralel su dawo 4. Kada ka haɗa naɗi ɗaya ka bar ɗaya a sake don neman 4, ƙarfin da wufar ke iya ɗauka zai ragu.

Ka riƙe wannan al'ada: bayan ka gama duk haɗin, ɗora mita a bakin wayoyi biyun da za su shiga amfili. In biriji za ka yi kuma ta nuna ƙasa da 3, dakata ka sake bin wayoyin.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce. Ɗana ya ce ba sai mun sayi amfili ba. Rediyon motar an rubuta masa 50 sau 4, zai haɗa bakin baya biyu ya yi biriji ya tura wufa da su. Na ce ya dakata sai na tambaya.
Daga unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Hajiya, kin kyauta da kika tsayar da shi. Rediyon mota an riga an yi masa biriji a ciki tun daga kamfani, kuma ba a yi wa biriji biriji.

Ga dalili. Rediyon ba shi da wata wuta sai wadda mota ke ba shi, volt 12 in inji na kashe, wajen 14 in yana aiki. Da wannan ƴar wutar, amfili ɗaya tilo ba zai iya ba lasifika mai om 4 fiye da wat 6 ko makamancin haka ba. Sai masu ƙira suka sa ƙananan amfili takwas a cikin ƙwaya ɗaya, irin su TDA7388 da muke yawan gani in mun buɗe, suka haɗa su bibbiyu, kowane baki ya zama biriji. Da haka yake kai wajen wat 20 na sauti mai tsabta a kowane baki. Lamba 50 ɗin da ke fuskarsa ƙololuwa ce da ba a kaiwa sai sauti ya riga ya dagule. Tunda duka ƙafafun kowane baki masu motsi ne, babu wadda ke zaune a sifili, in ɗanki ya murɗe wayoyin baki biyu wuri ɗaya ya haɗa su faɗa ne, ƙwayar ce za ta ƙone. In kuma ya ɗauki ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ba abin da zai ƙaru.

Saboda wannan dalilin ne ma ba a barin ko ɗaya daga wayoyin lasifikar rediyo ta taɓa ƙarfen mota. Wasu tsofaffin motoci waya ɗaya ake ja wa lasifika, ɗayar ƙafar a ɗaure ta a mas, wato jikin mota. In aka sa wa irin wannan sabon rediyo, sai an ja sabbin wayoyi bibbiyu.

Amfili na daban yana yarda da biriji ne don yana da ɓangaren da ke ɗaga volt 12 ɗin mota zuwa ashirin da wani abu ko talatin da wani abu, sama da ƙasa. In kuɗi bai kai ba, akwai wufa mai ɗan amfilinta a ciki da ake sawa ƙarƙashin kujera, ta ishi motar gida. Yaron da ya kai ga tunanin biriji shi kaɗai kuwa yana da kai, Hajiya. In hutu ya zo ki nema masa shagon da zai riƙa zama.

TAMBAYA: Amfilina kanal huɗu ne. Zan iya yi wa biyu biriji in bar biyu?
Daga Takeita.

AMSA: Ƙwarai, in takardarsa ta yarda, kuma yawanci sun yarda. Biyun gaba su riƙe lasifikun ƙofa, biyun baya a yi musu biriji kan wufa ɗaya mai om 4. Ka murɗa maɓallin tacewa na bayan zuwa LPF don wufa ta samu kaurin sauti kawai. Lissafin bai canza ba, kanal na uku da na huɗu kowane om 2 yake gani.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina da Hilux da ake ɗauka haya wajen shela da talla, musamman ranakun kasuwa a Matamaye da Kance. Ƙaho huɗu ne a kan rufi, kowane om 8. An ce in yi biriji murya ta ƙara nisa. Yaya zan haɗa?
Daga wani mai shela.

AMSA: Alhaji, a wurinka ban ga amfanin biriji ba. Ƙaho huɗu masu om 8 a faralel om 2 ne, biriji ya mai da shi 1. Ka raba su: biyu a faralel kan kanal na hagu, biyu kan na dama, kowane kanal ya ɗauki om 4. Amfili zai wuni a rana bai gaji ba, kuma in waya ɗaya ta tsinke a tsakiyar kasuwa kana da sauran murya. Da masu om 16 ne, huɗun a faralel om 4 ne, biriji zai yiwu, sai dai a duba wat ɗin da aka rubuta wa kowane kada a ba shi abin da ya fi ƙarfinsa.

Abin da ya fi kashe ƙaho shi ne kaurin sauti, don ƴar fatar da ke cikinsa ba a yi ta don dukan ganga ba. Sa maɓallin tacewa a HPF. Ka tabbata + na kowane ƙaho yana wurin +, don in ɗaya ya juya, shi da maƙwabcinsa cin muryar juna za su yi. Maɓallin da aka rubuta wa GAIN kuma ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfili da abin da ke shigo masa ne. In ka ji muryarka ta fara tsagewa, sassauta shi, don tsagaggiyar murya ba ta ƙara nisa, naɗi kawai take gasawa.

TAMBAYA: Tun da aka yi mini biriji fizibil (fiyus) ɗin amfilin ke ƙonewa, na canza har sau huɗu. Mai gyara ya naɗa ƴar waya a madadinsa, yanzu ba ya ɗaukewa. Amfilin babba ne, an rubuta wat 3000, fizibil ɗin kuma 25 ne. Akwai matsala?
Daga Tanut.

AMSA: Ƙanena, don girman Allah kada ka sake kunna shi sai ka cire wayar nan. Duk sauran tambayoyin yau maganar kuɗi ce, taka maganar rai ce.

Shekarun baya wata mota ta tsaya ƙofar shagona hayaƙi na fitowa daga ƙarƙashin kujerar baya, da yara biyu a kai. Mun fitar da su, muka fizge kan batir, muka kashe wutar da ƙasa. Da muka bi sawu, irin wannan naɗin ne muka tarar a gurbin fizibil, wayar da ta taso daga batir kuma ta narke ta manne da darduma tun daga gaba har baya. Batirin mota yana iya zubo ɗaruruwan amfer in ya samu hanya, kuma fizibil, wanda mutanen Kano ke ce wa fiyus, shi kaɗai ne mai gadin da ke tsakaninsa da kujerar da iyalinka ke zama. In ya ƙone sau huɗu, sau huɗu ke nan ya faɗa maka ana jan wutar da ta wuce ƙima.

Lambar 3000 kuma kada ta ruɗe ka. Amfer 25 sau volt 14.4 wat 360 ne. Iyakar abin da zai iya shiga amfilin a ɗore ke nan, kuma in ajin AB ne kusan kashi 40 cikin 100 zafi yake zama, abin da ke isa lasifika ɗari biyu da ƴan kai ne. Ɗan amfili ne aka yi wa babban suna, sannan aka ɗora masa kaya gwargwadon sunan.

Ga yadda za ka bi. Mai da fizibil na 25 daidai, kada ka ƙara lamba. Sa wani fizibil ɗin a kan babbar wayar kusa da batir, kada tazararsa ta wuce kamu ɗaya, santimita 45 ke nan, don shi ke tsare wayar kanta in ta goge ta taɓa ƙarfe. Inda wayar ta ratsa ƙarfen da ke tsakanin inji da cikin mota, a sa mata roba. Kankare bakin wayar ka gani: in cikinta fari ne, alminiyon ce aka shafa wa jan ƙarfe, ba ta ɗaukar abin da ta jan ƙarfe zalla mai kaurinta ke ɗauka, sai a nemi wadda ta fi ta kauri. Wayar mas ta zama gajera, kaurinta ɗaya da babbar, a kankare fenti kafin a ɗaure ta.

Daga nan sai ka cire wayoyin lasifika daga amfilin ka auna su. In mita ta nuna wajen 2 ko ƙasa, ka samo ɓarawon, ka koma amsar farko ka zaɓi haɗin da ya dace da kai. Kafin ka mai da su, kunna amfilin shi kaɗai ba lasifika. In fizibil ya zauna, amfilin yana da rai. In ya sake ƙonewa alhali ba a ɗora masa komai ba, tiransisto sun riga sun haɗe a ciki tun lokacin da naɗin wayar ke kai, sai a sauke shi a kai wa mai gyara ya buɗe, kada a sake ba shi wuta kafin nan.